Shekarar da Muka Rufe wa Ayu Ƙofa

Bana ruwa ya janye da wuri. Tun zafi bai kankama ba warin laka ya fara shigo mana har tsakar gida a nan Gaya, warin nan na ruɓaɓɓiyar ciyawa da katantanwa wanda duk ɗan bakin gulbi ya sani. Jikata da ke lakwal, wato makarantar boko, ta toshe hanci, wai a rufe taga. Na ce ta bar min tagata. Na tambaye ta ko ta taɓa ganin ayu, ta ce ta gani a littafi. A littafi! Na dube ta, na rasa ko dariya zan yi ko kuka, don ni warin nan ayu yake tuna min, da wata bazara da ta kusa raba ni da mijina.

Ga wanda bai san shi ba, ayu dabbar ruwa ce, ya fi saniya kauri, ba shi da ƙafa sai hannuwa biyu gajeru da faffaɗan bindi. Ciyawa yake ci, ba ya cizo, ba ya kife jirgi. Lokaci-lokaci yakan ɗago hanci ya shaƙi iska ya koma. Macen tana da nono a ƙarƙashin hammata, ɗanta na manne da ita yana sha. Mu Sarkawa, masu sana'ar su, ba mu cika kiran sunansa a kan ruwa ba, sai dai mu ce manya.

Shekarun farko ne bayan Nasara sun miƙa mulki. An ɗaga sabuwar tuta a Gaya, kowa bakinsa ɗauke da maganar ƙasa ta zama tamu, sai mu tashi mu yi aiki. Muna zaune a wata 'yar tunga ƙasa da Tunuga, masunta da manoma a cakuɗe, ina goyon ɗana na fari. Mijina kuwa, ba zan faɗi sunansa ba. Ban faɗa yana raye ba, ba zan fara yanzu da na tsufa ba. Mutane Ɗan Ƙetare suke ce masa, don daga gaɓar Dahome ya zo. Gidansu maharba ayu ne tun kakanni, amma shi ya ajiye zago, mashin da ake sukar ayu da shi, ya kama taru kamar kowa. Mutum ne marar magana, sai ka yi jimla goma kafin ya yi ɗaya. Ni kuma Allah ya yi ni da baki. Babana bai ba shi ni da cikakken son ransa ba, ni ce na kafe.

Daminar da ta gabata ta yaudare mu. Ruwa ya zo da kyau, gero ya yi kai, sai sama ta ɗauke lokacin da ya fi bukata. Abin da aka zuba a rumbuna kowa ya san ba zai kai mu shuka ba. Babana ne ya kawo dabara. Bayan tungarmu akwai babban tafki wanda gulbi ke cika shi ta wata siririyar mashiga. Duk shekara baƙin ruwa, wato cikar gulbi ta biyu mai zuwa da sanyi, yakan shiga ya cika shi, in zafi ya zo ya sake ficewa ya bar busasshiyar laka. Baba ya ce me zai hana mu datse mashigar lokacin da tafkin ke cike, mu riƙe ruwan, mu dasa shinkafa a gefensa?

An yi gayya irin wadda ban sake gani ba. Maza na kafa turaku, samari na jawo rassan farar ƙaya suna cusawa tsakani, mu mata muna jido laka a kwando har wuya ya ƙage. Ana kiɗa, ana guɗa, Hausa da Dandanci suna ta karo a iska. Sarkin Ruwa da kansa, tsoho mai furfura, ya naɗe wando ya ɗauki laka. Da aka gama Baba ya hau kan datsin ya buga ƙafa, ƙasa ba ta motsa ba, ya yi murmushin da na daɗe ban gani a fuskarsa ba. Wajen rabon fili ya bar wa mutane na ƙasa-ƙasa, kusa da ruwa, shi ya ɗauki na can sama. Ya ce wanda ya kawo shawara bai kamata ya zaɓi mai kyau ba.

Sai bazara ta sauka mana da ƙarfinta. Da asuba nakan daka ɗan geron da aka auna min, in haɗa da 'ya'yan bado don ya yi auki, in dama kunu tsararo wanda kana iya ganin fuskarka a ciki. Daga nan in goya yaro in tafi korar tsuntsu a shinkafa. Kafin rana ta take, yashi ya fara gasa tafin ƙafa, iska ta tsaya cik, zufa na bin baya tana jiƙa goyo. Da la'asar in hura banda in jera 'yan ƙarfasan da maigida ya samo, don kifi ma a shekarar ya yi rowa. Tuwo sai da dare, shi ma ba kullum ba. Amma in ka ɗaga ido ka ga shinkafar nan ta kewaye tafki shar, sai yunwar ta ɗan lafa. Yanzu datsi na siminti ne, inji ke jawo ruwa, ana girbi sau biyu a shekara, yaran yau har tsince kifi suke daga miya suna yamutsa fuska. Ba na jin haushinsu, Allah ya sa kada su san abin da muka sani.

Mata masu wanki ne suka tsinci mushen ayu na farko, can ƙarshen tafki wajen giginyu, ya kumbura yana yawo. Sarkin Ruwa ya sa aka jawo shi, ya duba ko'ina yana neman ramin zago, babu. A al'adarmu ayun da ya mutu ba da hannun mutum ba, ba a cin sa, ana binne shi a gaɓa a lulluɓe da tabarma. Ranar na ga maza suna haƙa rami suna haɗiyar yawu. Sarki ya sa aka kafa gora a inda aka same shi, ya tambayi matan daga ina iska ke busowa da safen, sannan ya koma gida.

Ba a jima ba aka tsinci na biyu, ƙarami, kusa da wurin farko. Aka kafa wata gorar. Daga nan bakuna suka buɗe. Da farko aka ce wani ya zuba magimfa, ganyen da ake bugar da kifi da shi. Mijina, da ba ya magana, ranar ya ga damar yi, ya ce in magimfa ce ai kifi zai riga ayu tasowa. Gaskiya ya faɗa, amma da ya yi shiru da ya fi masa. Sai aka ce kun ji ko, ya san kan abin. Aka tuna ɗan gidan maharba ne. Aka ce yana da asirin kiran manya, yana kashe su ba rauni, yana ɗebe abin da yake so ya kai wa masu layu a ƙetare. Matan da muke daka a turmi ɗaya suka fara ɗauke taɓarensu in na iso. Wata ta yi min habaici a bakin ruwa, na ƙwace ƙwaryarta na wurga tsakiyar tafki, na ce ta kira manya su kawo mata. Ban yi nadama ba har gobe.

Sarkin Ruwa ba azzalumi ba ne, amma tunga ta hana shi barci. Ya tara dattawa, ya kira mijina ya ce, "Yaro, ban kama ka da komi ba. Amma in wani yas sake mutuwa, ka koma wajen danginka, har ƙura ta lahwa." Mijina ya duƙar da kai ya ce to. Baba kuma ya same ni a madafa ya ce, "Ke Hamsatu, ki ji ni da kyau. In yat tahi, ke ba ki tahiya. Jikana ba shi ƙetare gulbi." Na ce, "Baba, ashe ku ma kun yarda?" Ya ce shi bai yarda ba, bai kuma ƙi ba, amma 'yarsa ba ta bin wanda aka kora.

Tun daga ranar duk safiya sai gabana ya faɗi in na doshi tafki. Ina korar tsuntsu, idona na kan ruwa. Na zama ina yi wa dabbobin da ban gani ba addu'ar tsawon rai fiye da yadda nake yi wa kaina.

Na ukun babban namiji ne, kuma bai daɗe da mutuwa ba, jikinsa bai fara wari ba. Da aka jawo shi gaɓa na kutsa cikin maza na durƙusa gaban Sarki na ce, "Ranka shi daɗe, a bar ni in buɗe cikinai. In asiri na, mu gani. In ciwo na, mu gani." Wasu suka ce mace ba ta taɓa manya. Sarki ya ce ai duk kifin da suke ci mace ke feɗe shi, ya miƙo min wuƙarsa. Duk tungar ba wadda ta kai ni saurin fiɗa, amma fatar nan sai da na haɗa gumi. Ayu mai lafiya kitsensa kauri ne da shi, fari sol. Wannan babu, fata ce manne da nama. Hanjinsa a lafe, ba ko tsinken ciyawa, sai laka da guntayen ruɓaɓɓen itace. Na koma wajen kai na ɗaga leɓensa. Duk ya yayyage, kuma ga ƙaya a nutse cikin naman, fara, doguwa. Na zare ɗaya na riƙe. Na san ƙayar nan, irinta ta sossoke ni a hannu ranar gayya.

Na ɗago kai zan yi magana, sai idona ya haɗu da na mijina. Ya girgiza min kai a hankali. Kafin in gane nufinsa wani daga baya ya ce, "Kun gani? An shanye mai kitse!" Wuri ya ruɗe da salati. Abin da na yi don in wanke shi, shi ya ƙara shafa masa baƙi. Sarki ya ce kafin kasuwar Gaya ta zagayo, Ɗan Ƙetare ya haɗa kayansa.

Na same shi a gida da rana tsaka yana naɗe taru. Na ajiye ƙayar a gabansa na ce, "Malam, ka san abin ga." Ya ce ya sani tun na biyu. Ya ce manya sun shigo da baƙin ruwa cin ciyawar burgu kamar yadda suka saba, muka rufe hanya suna ciki. Ciyawar zurfi ta ƙare, shinkafa kuma tana inda ruwa ya yi musu kaɗan. Suna zuwa datsi suna tura fuska cikin ƙaya, in sun mutu iska ta kora su can wajen giginyu, shi ya sa ba wanda ya dubi datsin.

"Ka sani, kay yi shiru ana kiranka maye?"

"In na hwaɗi, sai a hwasa datsi. In anka hwasa, mi mutane za su ci? Kuma aikin Baba na. Baƙo ba shi zuwa garin mutane shi ce a zubar da abincinsu."

"To ni hwa? Yaron ga hwa?"

Ya ci gaba da naɗin tarunsa. Wallahi a lokacin na ji kamar in rungume shi, na kuma ji kamar in kwaɗa masa muciya. Na ce shi baƙo ne, ni ba baƙuwa ba ce. Na ɗauki ƙayata na fita.

Baba na zaune ƙarƙashin rumfa yana gyaran lauje tun shinkafa ba ta nuna ba. Na durƙusa na gaya masa duka, ban rage ba. Ya fusata, ya ce mijina ne ya kitsa min, ya ce ni 'yar da ya haifa zan ce aikinsa ke kisa? Har ya ɗaga hannu. Na kama hannun na buɗe tafin na sa masa ƙayar, na ce, "Baba, daga bakinai nac cire ta. Ku kun san inda anka saro ta." Ya daɗe yana kallon ta. Sai ya ce in tashi in ba shi wuri.

Washegari da hantsi na hango shi ya nufi datsi shi kaɗai, na bar tsuntsaye suka yi yadda suke so, na bi shi daga nesa, na tsaya can gefen datsin. Ya zauna a kai ya zura ƙafa. Ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jego, ya yi kore, ba ya motsi. Muka daɗe. Sai ga hanci ya ɓullo, ya huce, ya nutse. Can na ji wani dum a tafin ƙafata, ƙasar datsin ta amsa. Aka sake, dum. Na matso na leƙa. Uwa ce, tana ja da baya tana zuwa ta doki turaku da fuskarta, ruwan wajen ya yi ja-ja. Ɗanta na gefenta yana laluben hammata, in ta ja baya ya bi ta, in ta doso ya biyo ta. Nawa ɗan yana bayana yana barci. Ban san sanda hawaye suka zubo min ba. Baba bai juyo ba, amma ya san ina nan. Ya ce, "Tahi ki kira min Sarki."

Da Sarkin Ruwa ya gani ya dafe kai, ya kira Baba da sunansa ya ce, "Arzika, mun yi abin kunya, ni da kai." Ya tuna wa mutane abin da kowane Basarke ya sani tun yana yaro: duk shingen kifin da za a yi a mashiga, ana barin ƙofar manya a tsakiya. Ba mu taɓa mantawa da ita a shingen kifi ba. Amma wannan datsin noma ne, tunaninmu duk yana kan kada ɗigo ya fita, har shi Sarkin da ya ɗauki laka bai tuna ba.

Aka kai ruwa rana. Wasu suka ce a soke su da zago, a samu nama, shinkafa ta tsira. Ban ga laifinsu ba, akwai wanda 'ya'yansa suka kwana biyu kan ruwan bado. Sarki ya ce mai shayarwa ba a sukar ta, kuma ba a zamaninsa za a fara ba. Aka ce to a kama su da taru a ɗauke su a tsallakar. An gwada. Samari suka shiga ruwa har ƙirji suka kewaye uwar, amma duk ramar da ta yi, bugu ɗaya da bindi ta keta tarun ta watsar da su, ɗan ya ɓace mata, tana ta kewaya tana neman sa. Aka fito jiki a sanyaye. Saura hanya ɗaya, kowa ya san ta, ba mai son ya faɗa. Kowa kuma ya san in ruwa ya sauka, filayen sama ne za su fara bushewa.

Ranar kasuwar Gaya ce. Jirgin mijina na ɗaure a ƙasan datsi ta wajen gulbi, ya riga ya loda tabarmarsa da taru da ƙullin tufafi, don ba wanda ya ce masa an janye magana, shi kuma ba zai tambaya ba. Baba ya karɓi magirbi daga hannun wani, ya hau tsakiyar datsin, ya yi bismilla ya sara. Sara uku ya yi shi kaɗai kafin sauran su kama masa. Aka zare turaku, aka janye ƙaya, ruwa ya fara bi yana gurnani. Ina jin wata tsohuwa a bayana tana cewa ga tuwonmu can yana tafiya.

Manya ba su zo nan da nan ba, hayaniya ta tsorata su. Mijina ya ce kowa ya ja baya ya yi shiru. Ya shiga ruwa can bayansu da gora, yana ɗan bubbuga ta a hankali yana matsowa. Rana na dukan mu, ruwa na zuba, kowane ido na kan turakun da ke nuna yadda yake sauka. Sai ga inuwa baƙa ta doso ɓarakar, ta tsaya, ta shige, ƙaramar inuwa manne da ita. Wasu biyu suka biyo baya, waɗanda ba mu ma san suna ciki ba. Suka bi ta ƙarƙashin jirgin mijina, jirgin ya ɗaga ya sauka. Ba wanda ya yi guɗa.

Kafin la'asar aka sake toshewa, amma ruwan da ya tafi ya tafi. Filayen ƙasa za su kai. Na Baba kuwa, da ido kana ganin laka ta fito a gindin shinkafar da ko ƙwaya ba ta cika ba. Ya tsaya ya dube ta, laka har gemunsa. Sannan ya gangara wajen jirgin. Na ɗauka sallama zai yi. Sai na ga ya tattara tabarma da taru da ƙullin tufafin, ya ɗora a kansa. Dattijo, ɗauke da kayan surukinsa, a gaban duk tunga. Samari suka ruga za su karɓa ya daka musu tsawa. Mijina ya bi shi a baya kamar wanda aka kama da sata, ni ina bin su da goyo.

A ƙofar ɗakina ya sauke. Bai dubi mijina ba, ni ya duba.

"Hamsatu, ki gaya ma mijinki ban da shinkahwa bana. Gidanai zan ci."

Ya kuwa ci, har sabon gero ya shigo. Wata rana tuwon bado, wata rana romon kifi zalla. Ba su taɓa haɗa kwano ba, ba su taɓa tayar da maganar ba, kullum ta bakina suke gaisawa kamar yadda surukai ke yi. Shekaru bayan haka, da ciwon ajali ya kwantar da Baba, 'ya'yansa maza na zaune kewaye da shi, ya ce in ya cika a kira Ɗan Ƙetare, shi zai yi masa wanka.